Shekarar da Na Bi Tsagar Teku

Ɗana Bashir ne ya sa na zauna rubuta wannan babi. Ranar sunan jikata ta wajen Maryama, ina zaune a majalisi na ji shi yana gaya wa abokinsa cewa abin da ya sa 'ya'yan Yaya Ilyasu suke da tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, mu kuwa har yau muna sabunta iƙama, takardar zaman baƙo, wai shi Yaya Ilyasun ne ya cire sunana daga takardun gida lokacin da na yi tafiya. Na ƙyale shi saboda baƙi. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma mutum ukun da za su iya ƙaryata ta, Baba da Yaya Ilyasu da mahaifiyarku Rakiya, duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni. Don haka ga yadda abin ya kasance.

Kun san Baba mutumin Gumel ne. Ya bar gida yana saurayi da niyyar Hajji, ya yi dako a ƙasar Cadi, ya tsinci auduga a Jazira ta Sudan, a can ya yi aure, a can aka haifi Yaya Ilyasu, aka haife ni. Na tashi a Bur Sudan, a bakin tashar jiragen ruwa, inda na koyi gyaran inji da ɗan Turancin matuƙan jirgi. Sai da na zama saurayi sannan muka ƙetare zuwa Makka. Aikin faɗaɗa Harami ya ci unguwar da muka fara zama, muka koma Rusaifa, wadda a lokacin bayan gari ce, duwatsu da awaki sun fi mutane yawa. Yaya Ilyasu yana aiki ƙarƙashin wani muɗawwifi, wato mai yi wa alhazai jagora, shi ke kula da tantunan alhazan ƙasarmu a Mina. Ni kuwa ina gyaran injinan wuta da na ruwa, kowa na kirana Usta Haruna, wato gwanin gyara. Ina da mata da 'ya'ya biyu, Sa'adatu da Bashir, ba abin da na rasa.

A tsakiyar shekarun sittin na Turawa, bayan alhazai sun watse, wani wakilin jiragen ruwa a Jidda wanda nake gyara wa injin gidansa ya aiko direba ya kira ni. Ya ce wani jirgin Turawa masu binciken ƙasan teku ya tsaya, mai kula da winshinsu ya karye a hannu, suna neman wanda zai riƙe musu na 'yan makonni a nan cikin Bahar Maliya. Winshi shi ne babban injin da ke sakin waya zuwa ƙasan ruwa, ya kuma naɗo ta. Na san shi tun Bur Sudan. Na amsa, don lokacin aiki ya yi sanyi a gari.

Jirgin bai kai na alhazai girma ba, amma cikinsa cike yake da na'urori. Shugaban masu binciken wani dattijo ne siriri, lofe ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki, ni dai Mai Lofe nake ce masa a raina. Ran da muka bar Jidda ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini wata na'ura da ke aika ƙara zuwa ƙasan teku, ta saurari amsa-kuwwa, sannan wata allura ta zana zurfin a kan doguwar takarda mai tafiya a hankali. Da farko layin a miƙe yake. Da muka yi nisa da gaɓa sai ya fara sauka, ba gangara irin ta tudu ba, sauka mataki-mataki kamar matakalar bene, kowane mataki da bakinsa a tsaye. A tsakiyar teku sai layin ya faɗa wani kwari mai zurfi, sannan ya fara hawa irin matakan nan ta ɗaya ɓangaren, wajen Sudan. Na tambaye shi wa ya sassaƙa wannan. Ya ce ba sassaƙa ba ce, karaya ce. Ƙasa ce ta tsage, gefe da gefe suna ja da baya, duwatsun bakin tsagar suna karyewa suna zamewa ƙasa.

Aikina shi ne in saki waya in naɗo, in sa ido kan nauyin da take ɗauka. Muna sauke kwalabe masu murfin ƙarfe don ɗebo ruwan ƙasa, muna sauke wata jakar sarƙa mai bakin ƙarfe don kankaro dutse, a bayan jirgi kuma ana jan wani ƙarfe mai siffar kifi wanda ke auna maganaɗisun duwatsu. Wata rana da hantsi muka tsaya a kan kwarin, na saki waya har na fara tunanin ba za ta isa ba. Da kwalaben suka fito, wani matashi cikin masu binciken ya taɓa ta ƙarshe, ya janye hannu da sauri. Kowa ya san ruwan ƙasan teku sanyi ne da shi. Wannan kuwa da zafinsa ya fito, kamar ruwan wankan mai jego da ya ɗan huce. Mai Lofe ya zuba mini kaɗan a tafin hannu ya ce in ɗanɗana. Gishirinsa har ɗaci yake. Laka kuma ta fito ja da rawaya da baƙa, kamar an kwaɓa lalle da toka. Jakar sarƙa ta kawo baƙin dutse mai ƙyallin kwalba, wanda suka ce narkakke ya fito daga cikin ƙasa ya daskare a ruwa, kuma a lissafin duwatsu jariri ne. Mai Lofe ya buɗe taswira ya ɗora yatsa inda muke, ya ja shi gabas kaɗan. Yatsan ya sauka a kan Makka.

Su kansu ba su gama yarda da juna ba. A teburin cin abinci gardama suke yi, wasu na cewa ƙasar Larabawa da Afirka da can a haɗe suke, yanzu suna rabuwa a hankali, abin da bai kai saurin fitowar farce ba, wasu na cewa hujja ba ta isa ba tukuna. Ni ban shiga gardamarsu ba. Amma takardar nan mai matakala ta shiga raina. Da za mu rabu a Jidda, Mai Lofe ya ce hannun mutuminsu bai warke ba, kuma za su bi tsagar ta kudu, ta mashigar Adan, har cikin Tekun Indiya, inda suke zaton ta haɗu da wani dogon tudun duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Tafiyar watanni ce. Ya ce in je in yi shawara da mutanena.

Na koma Rusaifa da guntun baƙin dutsen a aljihu. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Baba na ɗinkin hula, na ba shi labari duka. Ya juya dutsen a hannu, ya shinshina shi, ya tambaye ni ko Turawan sun ce wane ne ke tura ƙasar. Na ce sun ce zafin cikinta ne. Ya ce to, zafin ma ai da Mai shi. Sannan ya ce:

"Wato tekun da muka ƙetare a kwalekwale ya fi faɗi yau a kan ranar da muka ƙetare shi."

Na ce haka suka ce, amma kaɗan ne ƙwarai.

"Kaɗan ɗin ma ya isa. Dama na daɗe ina jin Gumel tana ƙara nisa."

Da na kawo zancen tafiya ta biyu, Yaya Ilyasu ya ajiye kofin shayinsa. A shekarar nan ne yake ta zirga-zirga wajen umda, wato mai unguwa, kan neman tabi'iyya ga gidanmu gaba ɗaya, kuma magana ta kusa nuna. Sharaɗin da aka gaya masa shi ne mutum ya kasance yana zaune a ƙasa ba yankewa. Ya yi mini bayani a fili, bai ɓoye komai ba.

"Haruna, takardar fita da dawowa wa'adi gare ta. In jirgin nan ya wuce wa'adin, iƙamarka ta faɗi, zamanka na shekaru ya zama kamar ba a yi ba. Ba kai kaɗai zai shafa ba, har Sa'adatu da Bashir da wanda ke ciki. Teku kuwa ba ta san wa'adi ba, ka fi ni sani."

Na ce sun yi alkawarin dawowa da wuri.

"Alkawarin mutum ne a kan ruwan Allah. Ni dai ban yarda ba. Ka bari a gama, in ya so ka tafi har bangon duniya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun a lokacin. Sai dai jirgin ba zai jira ba, wani irinsa kuma ba lalle ya sake neman ɗan Rusaifa ba. Muka juya wajen Baba. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce:

"Na bar ubana a bakin gona na ce masa shekara biyu zan yi. Ban sake ganinsa ba. Da wane baki zan hana wani tafiya? Ban ce ka tafi ba, ban ce ka zauna ba. Ka tambayi matarka, ita za ta ɗauki nauyin."

Rakiya tana da cikin Maryama a lokacin. Na same ta tana tsince shinkafa a bakin ƙofar ɗaki, ta riga ta ji komai, don gidan ba shi da girman da magana za ta ɓuya. Na zauna kusa da ita. Ita ta fara.

"Usta, tun da ka dawo kake zana matakala a ƙasa da tsinke. Jiya Bashir ya yi maka magana har ya gaji ba ka ji ba. In ka zauna don mu, za ka riƙa kallonmu kamar mu muka ɗaure ka, ni kuwa ba zan iya cin abinci da wannan kallon ba. Ka tafi. Amma yaran nan za su girma su yi tambaya, kai za ka ba su amsa, ba ni ba."

Amsar ke nan nake ba ku yanzu. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya tura ni. An gaya mini abin da zai iya faruwa, na auna, na tafi. Yaya Ilyasu ne ma ya raka ni Jidda, ya yi tsaye har aka buga mini takardar fita, duk da bai yi mini magana ba a mota tun daga Makka.

Abu na farko da na koya a tafiyar nan shi ne tambayar alƙibla. Mutumin Makka bai saba da wannan ba. Kowace safiya mataimakin kyaftin yakan duba taswira ya nuna mini da hannu, in jirgi ya juya kuma ya aiko a gaya mini. Juyawa kuwa ba ta ƙarewa, domin ba miƙewa muke yi ba. Kai da komo muke yi a kan tudun kamar mai huɗa a gona, mu ƙetare shi, mu matsa gaba, mu sake ƙetarowa. Kowace ƙetarawa allura na zana abu ɗaya: hawa, sannan kwari a tsakiya kamar kwarin gadon bayan mutum, sannan sauka. Bayan mun wuce Adan sai wata rana muka ƙetare inda ya kamata kwarin ya kasance, babu shi. Muka yi ta nema har muka same shi can gefe, da nisa, kamar an ɗauke shi an ajiye. Tsakanin wuraren biyu akwai wani rami dogo mai bango a tsaye, ya gitta tudun. Mai Lofe ya ɗauko burodi ya yanka shi gunduwa-gunduwa a kan tebur, ya tura wannan gaba, ya ja wancan baya, ya ce haka tudun yake, a yayyanke, kuma a wurin yankan ne duwatsu ke gugar juna. Muka ci gaba da samun irin wannan, ɗaya bayan ɗaya.

A irin bangon nan suka fi son kankaro dutse, nan ne kuma aikina ya fi wuya. Jakar sarƙa takan maƙale, waya ta miƙe tana kuka, jirgi na hawa da sauka da igiyar ruwa. Sai in saki kaɗan, kyaftin ya ja da baya, mu gwada ta wani gefen. Sau da yawa takan kuɓuta. Sau ɗaya ba ta kuɓuta ba, wayar ta tsinke ta yi bulala a kan dakalin jirgi, Allah ya sa ba kowa a wurin. Jakar tana can har yau. Wata rana kuma da azahar, teku lafiya lau, ina zuba wa inji mai, sai na ji jirgin ya buga kamar ya hau dutse, kwanuka suka zube a ɗakin girki. Na yi ta salati. Aka duba zurfi, ruwa ne mai yawan gaske a ƙarƙashinmu, aka duba cikin jirgi, babu ɓula. Mai Lofe ya fito yana riƙe da lofensa a hannu, karo na farko da na gan shi ba a bakinsa ba. Ya ce girgizar ƙasa ce, karayar da ke ƙarƙashinmu ce ta motsa. Ranar nan ba a yi gardama a tebur ba. Ni ma tun daga ranar ban ƙara taka ƙasa ina ɗaukarta abu mai zama wuri ɗaya ba.

Sai abin da Yaya Ilyasu ya faɗa ya faru. Iskar damina ta tekun ta taso da wuri, babban injin jirgi ya sami matsala, muka shiga wata tasha a gabashin Afirka muna jiran kayan gyara daga Turai. Wa'adina ya cika ina zaune a bakin ruwa ina kallon kwalekwalen masunta. Mai Lofe ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kai ni ofis-ofis, amma doka doka ce, ban kuma ga laifin kowa ba. A hanyarsu ta komawa suka sauke ni a Bur Sudan, garin da na tashi, na koma gyaran inji a tasha. Hanya ɗaya ta rage mini ta shiga Makka, ita ce in jira lokacin Hajji in shiga cikin alhazai. Na farko ya riga ya wuce ina teku. Na jira na biyu.

Abin da ya faru a gida a wannan tsakanin, daga bakin Rakiya na ji shi, don Yaya Ilyasu bai taɓa ɗaga zancen ba har ya rasu. Shi ya ciyar da ku. Shi ya yanka ragon sunan Maryama. Da lokacin miƙa takardu ya yi, ya je wajen umda ya roƙi a bar sunana, aka ce mutum ba ya ƙasa, ba yadda za a yi. Sai ya janye nasa ma, ya ce zai jira ƙaninsa. Ya yi watanni a haka, matarsa na kuka, har Baba ya kira shi ya ce:

"Ɗaya ya tafi da ƙafarsa, kai kuma kana so ka bi shi a zaune. Gobe ka kai takardun nan. Umarni ne."

Ya kai. Bayan na dawo shi ya sake tsaya mini har aka mayar mini da iƙama, lissafin zamana ya fara daga farko, kafin ya cika kuma ƙofar samun tabi'iyya ta ƙuntata. Bashir, wannan shi ne mutumin da ka ce ya cire sunana. Na san abin da rashin takardar nan ya jawo muku, makarantar da Sa'adatu ba ta samu ba, aikin da aka hana ka. Ban raina shi ba. In kuna neman wanda za ku tambaya, ga ni, da raina.

Na dawo a jirgin alhazan Sudan, da harami a jikina, ina talbiyya tare da tsofaffin da ba su taɓa ganin teku ba. A Jidda aka tara mu a zangon alhazai, wakilan muɗawwifai na ta kiran mutanensu. Can na hango Yaya Ilyasu, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya zo ya tsaya a gabana ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, wannan ne zuwanka na farko?"

Ya kama hannuna ya sa ni a gaban mota kusa da shi. Da muka shiga Makka na ce a sauke ni a kwanar Rusaifa, ya ce a'a, baƙo ba ya shiga gidan kowa sai ya gaida Mai gari. Shi ya ja ni ɗawafi da sa'ayi kamar yadda yake jan sauran alhazai, yana faɗa ina maimaitawa, shi ya aske mini kai a Marwa. Sannan muka tafi gida.

Baba na zaune inda na bar shi, sai dai ya daina ɗinki, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shafa kaina, ya tambaye ni ko na ga inda tsagar ta ƙare. Na ce ban gani ba, sun ce ta zagaye duniya. Ya ce to, in zauna in ci abinci. Rakiya ta fito da Maryama a kafaɗa, yarinya har ta fara tafiya, ta ajiye mini ita a cinya. Maryama ta dubi fuskata da aski sabo, ta fashe da kuka, ta miƙa hannu wajen Yaya Ilyasu. Ya karɓe ta, ya matso ya zauna gab da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa, yana jijjiga ta yana nuna mata ni da yatsa. Bai tashi ba sai da ta yarda ta karɓi dabino daga hannuna.